Yadda ake jure ƙamfar karta idan ka hau manyan gasannin foka na intanet

Ka daɗe kana buga ƙananan gasanni, inda kuɗin shiga bai taka kara ya karya ba. Yau ka yi ta maza ka biya kuɗin babbar gasa, mutum dubu biyu ko uku a ciki. Rabon farko ya zo maka da 9 da 3, ka yar. Na biyu J da 4, ka yar. Bayan minti 40 hannunka na kan linzamin kwamfuta, ba abin da ka danna sai maɓallin yarwa, tarin cif ɗinka kuwa sai zagwanyewa yake yi a hankali. Sai ga K da 9 a kujerar farko, inda kai ne farkon magana, zuciya ta ce maka ai wannan sarki ne, shiga kawai. A daidai wannan gaɓar yawancin sababbin hawa suke rasa gasarsu.

Ƙamfar karta, wato ka daɗe ba a raba maka katuna masu kyau ba, ba sabon abu ba ce a gare ka, ka sha gamuwa da ita a ƙananan gasanni. Abin da ya canza shi ne nauyin kuɗin a zuciyarka, da kuma irin mutanen da ke kewaye da kai, waɗanda suke lura da kai fiye da yadda ka saba. Maganar tawa a kan Texas Hold'em ce, fokar da ake ba kowa kati biyu a buɗe biyar a tsakiya, kuma zan riƙa misali da tebur mai mutum 8, ƙaramin tilas 500, babban tilas 1,000, anti 125 a kan kowa. Tilas shi ne cif ɗin da mutum biyu ke sawa dole kafin a raba kati, anti kuma ɗan abin da kowa ke sawa a kowane rabo.

Mataki na 1: Ka san lissafin ƙamfar kafin ka zauna

Katuna 52 suna iya haɗuwa bibbiyu ta hanya 1,326. A cikinsu, A biyu hanya 6 ce kacal, wato sau ɗaya a rabo 221. Tagwayen kati kowane iri, daga 2 biyu har A biyu, sau ɗaya ne a rabo 17. Idan ka haɗa hannuwan da kowa ke mafarki, wato J biyu, Q biyu, K biyu, A biyu da kuma A da K, hanya 40 ce cikin 1,326, kashi 3 cikin 100 ke nan, sau ɗaya a rabo 33.

To ga abin da mutane ba sa lissafawa. Yiwuwar ka yi rabo 50 a jere ba ka ga ko ɗaya daga cikin waɗannan manyan hannuwa ba ta haura kashi 20 cikin 100. Rabo 100 a jere kuwa kusan kashi 5 ne. Rabo 30 babu tagwaye ko na 2 biyu, kusan kashi 16. A intanet tebur ɗaya yana raba wajen hannu 60 zuwa 80 a awa, babbar gasa kuma tana iya cin awa 8 ko fiye, wasu har sai an kwana an dawo. Duk wanda ya yi nisa a irin wannan gasa sai ya ratsa ta ƙamfa, sau ɗaya ko sau uku. Ba shafin ne ya tsane ka ba, ba kuma don ka hau sama aka rufe maka famfo ba. Tsawon gasar ne ya sa kake haɗuwa da abin da gajeriyar gasa take ɓoye maka.

Na fi son mutum ya rubuta waɗannan alƙaluma a takarda ya manna gefen allonsa. Lokacin da zuciya ta fara raya maka cewa an yi maka wani abu, ido ya faɗa kan 1 cikin 33, sai hankali ya dawo.

Mataki na 2: Kada kuɗin shiga ya fi ƙarfin aljihunka

Galibin manyan gasanni kusan kashi 15 cikin 100 na 'yan wasa suke biya. Ko gwanaye, a mafi yawan gasannin da suka shiga hannu rabbana suke tashi. Shi ya sa masu abin suke ba da shawarar kada ka shiga gasa sai kuɗin da ka ware domin wasa ya ninka kuɗin shigarta aƙalla sau 100, idan taron ya kai dubbai kuwa har sau 200 ko 300 ba su yi yawa ba. Kuɗin kuma ya zama wanda in ya tafi ba zai taɓa cinka da shanka ko haƙƙin wani da ke kanka ba. Wanda ya zuba rabin abin da ya mallaka a gasa ɗaya ba zai iya yin komai daga abin da ke tafe a ƙasa ba, domin duk matakan suna buƙatar ka sa cif a tsakiya da hannu marar kyau ba tare da hannunka ya yi rawa ba. Idan aljihun bai kai ba, ka nemi kujera ta ƙananan gasannin share fage, waɗanda ladansu kujera ce a babbar gasa. Ta nan Chris Moneymaker ya bi a shafin PokerStars a 2003, ya je babbar gasar foka ta duniya, WSOP, a Las Vegas mai mutum 839, ya cinye dala miliyan 2.5. Hannun da ya rufe gasar da shi 5 da 4 ne.

Mataki na 3: Ka ƙirga farashin jira

Ka daina kallon tarinka a matsayin dubu kaza. Ka raba shi da babban tilas. Mai 40,000 a teburinmu yana da tilas 40. Yawancin shafuka suna da saitin da zai nuna maka tari a wannan ma'auni, ka kunna shi tun kafin a fara.

Sannan ka san abin da zagaye ɗaya yake ci. A misalinmu 500 da 1,000 da anti takwas na 125, jimla 2,500 a kowane rabo 8. Raba tari da wannan adadi shi ne ma'aunin da ake kira M, wanda aka danganta da Paul Magriel, Dan Harrington zakaran WSOP na 1995 kuma ya yaɗa shi. Mai 40,000 M ɗinsa 16 ne, yana iya zama zagaye 16 bai taɓa komai ba in da tilas ba ya hawa. Mai 10,000 kuwa zagaye 4 ya rage masa.

Daga nan shawara take fitowa. Idan tarinka ya haura tilas 40, ƙamfa ba ta da wani haƙori. Zagaye biyu cur ba ka shiga ba, abin da ka rasa bai wuce kashi ɗaya cikin takwas ba. Manyan gasanni ma sun fi ƙanana sauƙi ta nan, domin tarin farawa ya fi yawa, zangon tilas kuma ya fi tsawo. A farkon gasa, inda kake da tilas 100 ko fiye, ka yi ta yarwa ba tare da jin kunya ba. Ƙananan tagwaye da katuna masu bin juna kuma fenti ɗaya, wato alamarsu iri ɗaya, irin 8 da 7, su ne za ka iya leƙawa da su idan farashin ya yi araha, ka kuma tuna cewa tagwaye sau ɗaya cikin kusan 8 da rabi suke samun ɗan'uwansu na uku a katuna ukun farko na tsakiya. In bai zo ba, ka fita.

Mataki na 4: Ka mayar da zaman banza aiki

Annette Obrestad 'yar ƙasar Norway, wadda ta ci babbar gasar WSOP ta Turai a London a 2007 tana gab da cika shekara 19, ta ce a wannan shekarar ta taɓa cinye wata gasar intanet mai mutum 180 ta rufe katunanta, sau ɗaya kawai ta leƙa. Ba ina cewa ka kwaikwaye ta ba. Abin ɗauka shi ne yawan bayanin da ke kan tebur wanda ba ya cikin katunanka biyu.

Duk hannun da ka yar, ka ci gaba da kallo. Mutum biyun da ke hagunka su ne mafi muhimmanci, domin su ne masu tilas a lokacin da kake kujerar mai rabo, wato ta ƙarshe kafin masu tilas. Shin suna yarwa idan an ɗaga musu, ko suna mayar da ƙari? Mutum biyun da ke damanka kuma, wane ne ke buɗewa kusan duk lokacin da aka yar har zuwa kansa? Idan an kai ga buɗe katuna, ka koma tarihin hannun ka ga da me ya fara, daga wace kujera. Ka rubuta a akwatin bayanin da shafin ya tanada, gajere: ya buɗe da Q da 6 daga kujerar mai rabo, ya yar da aka mayar masa. Layi ɗaya irin wannan ya fi A da K amfani idan lokacinsa ya zo.

Idan kana buga tebur shida a lokaci guda, rage su zuwa biyu ranar da ka hau babbar gasa. Ba za ka iya kallon kowa ba alhali allo yana ta ƙyaftawa.

Mataki na 5: Ka saci tilas daga kujerun ƙarshe

Nan ne cibiyar al'amarin. Kowa ya yar har zuwa kanka, kana kujerar mai rabo ko wadda ke gabanta, a tsakiya akwai 2,500 da ba na kowa ba. Ka ɗaga zuwa 2,200. Ka sa 2,200 don ka ci 2,500, saboda haka idan suka yar sau 47 cikin 100 ka riga ka mayar da kuɗinka, ko da katunanka takardun banza ne da ba za su taɓa cin komai ba. Kuma ba haka suke ba, wani lokaci za su haɗu da na tsakiya.

Me ya sa kujera ta fi kati? A ce kowane mutum yana da yiwuwar 1 cikin 10 ta riƙe hannu mai ƙarfi. Daga kujerar farko mutum 7 ne a bayanka, yiwuwar ɗayansu ya tashi da irin wannan hannu ta haura rabi. Daga kujerar mai rabo mutum 2 ne kawai, yiwuwar ba ta kai 1 cikin 5 ba. K da 9 ɗin nan da muka fara da shi shara ne a kujerar farko, amma a kujerar mai rabo hannu ne na ɗagawa ba tare da wani dogon tunani ba. Haka A da kowane kati, Q da 9, J da 8 masu fenti ɗaya, 6 da 5 masu fenti ɗaya. Gwanaye suna buɗe kusan rabin hannuwansu daga wannan kujera. Idan ka auna da wannan mudu, za ka tarar da yawa daga abin da kake kira ƙamfa hannuwa ne da suka isa wasa, kai ne ka riƙe su da ma'aunin kujerar farko.

Sata ɗaya a zagaye ta biya kuɗin zagayen gaba ɗaya. Ba a neman fiye da haka a lokacin ƙamfa, kana riƙe matsayinka ne har kati ya dawo.

Sai dai a babbar gasa masu tilas ba sa yarwa kamar na ƙananan gasanni, musamman mai babban tilas. Zai bi ka sau da yawa. Kada wannan ya firgita ka. Katuna biyu da ba tagwaye ba sau ɗaya cikin uku kawai suke haɗuwa da ɗaya daga katuna ukun farko, sau biyu cikin uku ba su samu komai ba. Ya bi, tsakiya ta zama 5,900, katuna suka fito K, 7, 2 masu fenti daban-daban, ya wuce bai sa komai ba. Ka sa 2,000. Sau ɗaya cikin huɗu kawai kake buƙatar ya yar. Amma idan suka fito 9, 8, 7 da fenti biyu iri ɗaya, wannan filinsa ne, irin katunan da mai kare tilas yake riƙewa ke nan, ka wuce kai ma ka bar shi.

Zaman da ka yi shiru yana da riba a nan. Wanda ya ga ka yar da hannu 25 a jere zai girmama ƙarinka na farko. Ka kashe wannan girma da wuri, domin a intanet ana yawan fasa tebur a watsa mutane, sabon tebur kuwa bai san tarihinka ba. Sannan ka zaɓi wanda za ka yi wa. Mai matsakaicin tari shi ne ya fi tsoron rasa abin da yake da shi. Mai tari kaɗan zai iya zuba maka duka, mai tari da yawa kuma ba ya jin zafin bin ka.

Mataki na 6: Kada ka ba da babban tilas kyauta

An ɗaga zuwa 2,200, kowa ya yar, kai ne mai babban tilas. Za ka ƙara 1,200 ne a kan tsakiyar da za ta zama 5,900, wato kashi 20 cikin 100 kake buƙata. Katuna masu fenti ɗaya kusan duka, da masu bin juna, da yawancin masu K ko Q, sun cancanci bi idan mai ƙarin daga kujerun ƙarshe yake. Irin 9 da 2 ko 7 da 3 masu fenti daban kam, a yar.

Mataki na 7: Idan tari ya sauka, a canza rawa

Tsakanin tilas 15 da 25 makaminka mafi kaifi shi ne zuba duka a kan wanda ya buɗe da sakaci. Mutumin nan na damanka da ka rubuta cewa yana buɗewa da Q da 6 ya ɗaga zuwa 2,200. Kana da 18,000. Idan ka zuba duka ya yar, ka kwashi 4,700, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na tarinka, ba a buɗe ko kati ɗaya ba. Hannuwan da suka dace su ne ƙananan tagwaye, A mai fenti ɗaya da abokinsa, K da Q, K da J. Riƙe A yana da wata fa'ida ta daban: hanyoyin da zai iya samun A biyu sun ragu daga 6 zuwa 3, na A da K daga 16 zuwa 12. Kada ka yi wa wanda ya buɗe daga kujerar farko, kada kuma ka yi wa wanda ka ga ba ya yarwa.

A wannan zango ka daina bi don ka gani. Bin 2,200 da tari 18,000 sannan ka yar bayan katuna uku, sau uku ka yi haka ka gama da kanka.

Daga tilas 10 zuwa ƙasa zaɓi biyu ne, ko duka ko yarwa, kuma ka zama kai ne na farkon shiga. Ga dalilin da ya sa jira yake kisa. Kana da 10,000, ka ce bari in jira babban hannu. Zagaye biyu suka wuce, saura 5,000, wataƙila ma tilas ya hau. Sai ga A biyu, ka zuba, aka bi ka, ka ci. Ka koma wajen 12,000, kusan inda ka baro. Hannun da ake samu sau ɗaya a 221 ya tafi a biyan bashin jira, kuma da tilas 4 ko 5 babu wanda zai yar maka. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Da ka zuba 10,000 ɗin tun farko daga kujerar ƙarshe da J da 10 masu fenti ɗaya, sau da yawa za su yar ka ƙaru da 2,500, in ma aka bi ka da A da K kana da kusan kashi 40 cikin 100. Doyle Brunson da 10 da 2 ya rufe babbar gasar WSOP a 1976, ya sake rufe ta da su a 1977.

Akwai jadawalin zuba duka da aka gina a kan lissafi, na kowace kujera da kowane tari. Ka haddace su kafin gasa. Shafuka da yawa sun haramta amfani da manhajar da ke ba da shawara ana cikin wasa, suna kuma rufe asusu a kan haka, saboda haka ka karanta dokar shafinka.

Mataki na 8: Ƙofar kuɗi da irin gasar

Idan saura mutum kaɗan a fara biya, darajar cif takan canza: wanda ka rasa ya fi wanda ka ci tsada. Bin wanda ya zuba duka yana buƙatar hannu mai ƙarfi sosai, amma kai ka fara zubawa a kan masu matsakaicin tari yana ƙara tasiri, domin su ma tsoron suke ji. Ka buɗe shafin gasar ka ga mutum nawa suka rage da kuma yawan waɗanda tarinsu bai kai naka ba. Mai tilas 8 da ke ganin mutum 30 masu tilas 2 ko 3 yana iya ɗan jira. Mai tilas 20 da ya ƙudundune tun saura mutum 200 yana sayar da damarsa ta zuwa teburin ƙarshe, inda mafi yawan kuɗin yake, don ladan da sau da yawa bai kai ninki biyu na kuɗin shiga ba.

A gasar da ake sa lada a kan duk wanda aka fitar, za a bi ka da hannuwa masu rauni idan tarinka kaɗan ne, don haka burga ba ta cika ci ba, ka jingina da katuna masu girma. A gasar share fage kuwa, inda duk masu nasara kujera iri ɗaya za su samu, idan tarinka ya isa ya kai ka, ƙamfa alheri ce, ka yi ta yarwa.

Mataki na 9: Ranar da kati ya dawo

Bayan awa ɗaya da rabi sai ga Q biyu. Ka ɗaga daidai yadda ka saba, 2,200, kada ka kai 4,000 don tsoron a bi ka. Idan duka suka yar, ka karɓi 2,500 ɗinka. Idan aka bi ka, A da K suka fito a tsakiya, abokin wasa kuma ya matsa, to Q biyu sun mutu, daɗewar da ka yi kana jiransu ba ta ƙara musu komai ba. Wannan yarwa tana da ciwo, na sani, amma mutane da yawa sun jure ƙamfar awa biyu sannan suka zubar da komai a hannun farko mai kyau saboda sun kasa rabuwa da shi.

Ka san alamun tunzura a jikinka: saurin danna maɓalli, buɗe wani tebur don huce haushi, jin cewa yanzu kai ma ya kamata ka ci. Yawancin manyan shafuka suna ba da hutun minti 5 a ƙarshen kowace awa. Ka tashi daga kujera, ka sha ruwa, ka dawo ka sake raba tarinka da tilas ɗin da za a shiga.

Mataki na 10: Washegari ka buɗe tarihin wasan

Ka sauke tarihin hannuwan gasar, ka tsallake wanda ya fitar da kai, ba shi ne abin dubawa ba. Ka nemo duk inda aka yar har zuwa kanka kana ɗaya daga kujeru ukun ƙarshe, ka rubuta katunanka, tarinka, da tarin masu tilas. Ka nemo inda kake da tilas 15 zuwa 25 wani ya buɗe daga ƙarshe. Ka nemo kowane babban tilas da ka yar. Ka gwada su da jadawalinka ɗaya bayan ɗaya, ka sa alama a kan duk wanda ya kamata ka shiga ba ka shiga ba, da wanda ka shiga don gajiya da jira. Ka ninka adadin satar da ka bari ta wuce da tilas biyu da rabi, ka ajiye lambar kusa da takardar alƙaluman nan ta gefen allo kafin gasa ta gaba.